Kafin Mu Ce Tarbiyya Ta Lalace, Mu Leƙa Rumbu

Kwanakin baya na je zaman makoki a Kakuri, cikin garin Kaduna. Da aka yi addu'a aka shafa, hira ta ɓarke a kan tabarma, kuma ba a jima ba ta gangaro inda take gangarowa kullum, wato kan yaran yanzu. Wannan ya ce ba sa gaisuwa, wancan ya ce shaye-shaye ya gama da su. Wani ya kawo maganar ƙwacen waya, wani ya ce aure ya zama wasan yara, yau a ɗaura gobe a saki. Bakin kowa ya zo ɗaya: tarbiyya ta lalace, iyaye sun yi sake, malamai su ƙara ƙaimi wajen wa'azi.

Akwai wani dattijo a gefena da bai ce uffan ba, carbinsa kawai yake ja. Da surutu ya lafa sai ya nuna titi da haɓa ya ce mini, "Ɗana, ka ga hanyar nan? Lokacin da muke aikin masaƙa, in jiniya ta yi kuka za a canji aiki, ba ka iya tsallake ta saboda kekuna. Masu shiga na shiga, masu fita na fita. Mai koko da ƙosai, mai tuwo, mai gyaran keke, tela, wanzami, duk a jikinmu suke ci. Yaro na gama makaranta ubansa zai kama hannunsa ya kai shi bakin get. To wane yaro ne zai ɗaga murya ga uban da zai kai shi bakin get?" Na ce, "Baba, yanzu fa?" Ya ce, "Yanzu ni ke zaune ina jiran ɗana ya dawo daga tuƙin keke napep ya ba ni na cefane."

Tun ranar nake juya maganar nan a raina. A ganina dattijon ya fi sauran kusa da gaskiya, kuma abin da ya faɗa yana da tushe a wani tsohon ra'ayi na nazarin tarihi wanda muka daɗe muna kauce masa saboda sunan mai shi.

Ra'ayin na Karl Marx ne, Bajamushen da aka haifa a 1818 ya mutu a Landan a 1883, shi da abokinsa Friedrich Engels. Larabawa suna kiransa al-maddiyya at-tarikhiyya. Da Hausa ni dai zan ce fassara tarihi ta hanyar neman abinci. Gundarinsa ba shi da wuyar ganewa. Kafin mutane su yi sarauta ko shari'a ko waƙa ko siyasa, sai sun ci sun sha, sun sa sutura, sun sami wurin kwana. Waɗannan kuwa sai an noma, an saƙa, an ƙera, an gina. A cikin wannan aikin akwai abu biyu da ya kamata a sa wa ido. Akwai kayan aiki da ƙwarewar masu yinsa: fartanya ce ko garmar shanu ko tarakta, saƙar hannu ce ko inji. Akwai kuma yadda mutane suka tsaya da juna wajen aikin: gonar ta wane ne, wa ke duƙawa, wa ke auna hatsi, wa ke da ikon buɗe rumbu. Marx ya ce waɗannan su ne harsashin gini. Doka da tsarin mulki da al'ada, har da abin da jama'a ke ɗauka abin kunya ne ko abin yabo, a kan harsashin nan suke zaune. In harsashi ya motsa bango zai tsage, ko ba yau ba. A 1859 ya dunƙule maganar da cewa ba tunanin mutane ne ke tsara yadda suke rayuwa ba, yadda suke rayuwa da juna ne ke tsara tunaninsu.

Ba a ɗakin karatu kaɗai suka samo wannan ba. Mahaifin Engels yana da hannun jari a wata masaƙar auduga a Manchesta, kuma a 1842 ya tura ɗan nasa can. Saurayin ya ga masu saƙar hannu da injin tururi ya kashe wa kasuwa sun koma 'yan ƙwadago. Ya ga mata da ƙananan yara suna yini a gaban inji, magidanta kuwa suna zaune a gida babu aiki. Zaman iyali ya birkice, unguwannin ma'aikata suka cika da giya da cuta. Masu wa'azin Ingila na lokacin su ma cewa suke yi talakawa sun lalace. Shi kuwa ya tambayi abin da ya sauya a hanyar cin abincinsu.

Na san abin da wani zai ce tun kafin in kai nan: ai mutumin nan mulhidi ne. Haka ne. Marx bai yarda da Allah ba, ya ɗauki addini abin da wahala ta haifa, wanda zai gushe in ta gushe. A nan ban bi shi ba ko taku ɗaya. Ni Musulmi ne, na yi imani arziki na Allah ne, kuma wahayi ba daga gona ko kasuwa ya tsiro ba. Amma likitan da ya gano sauro ke yaɗa maleriya, ba mu tambayi aƙidarsa ba kafin mu ɗaura gidan sauro. Kuma wannan kallon ba baƙo ba ne a gidanmu. Ibn Khaldun, alƙalin Malikiyya da aka haifa a Tunis a 1332, ya rubuta a Muƙaddimarsa tun 1377 cewa bambancin halayen al'ummomi daga bambancin hanyoyin neman abincinsu yake, kuma riba ba komai ba ce face darajar aikin ɗan Adam. Ya riga Marx da kusan shekara 500. Malaman fiƙihu suna kawo cewa Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa, domin ya san hannun da yunwa ta miƙa daban yake da hannun da kwaɗayi ya miƙa. A Suratu Ƙuraish ma, da Allah Ya kira mutanen Makka su bauta wa Ubangijin Ɗakin, da abu biyu Ya tuna musu: Ya ciyar da su daga yunwa, Ya amintar da su daga tsoro. Da ruwan ciki kan ja na rijiya, mu ma mun faɗa da bakinmu.

Bari in fara da gida, inda ake cewa tarbiyyar ta lalace. Na tashi na tarar da ragowar gandu a gidan kakana. Ana idar da sallar asuba, duk namijin da ya isa riƙe fartanya sai gonar gandu, 'ya'ya da ƙanne da jikoki. A yi ta aiki har rana ta take, yara su kawo fura a ƙwarya. Da yamma ne kowa zai wuce gayaunarsa ya noma abin kansa. Shi kuma mai gida nauyinsa a bayyane yake. Shi ke ciyar da kowa daga rumbun gandu, shi ke biyan harajin kowane baligi, shi ke zuwa wajen maƙeri, shi ke yi wa saurayi auren fari, shi ke sayen ragon suna. Ba mai ciro dami ɗaya sai da izininsa. In ya yi gyaran murya a zaure gida ya yi tsit. Mun ɗauka kwarjini ne kawai da albarkar tsufa, kuma akwai su. Amma a bayan gyaran muryar nan akwai rumbu cike da gero, da gona mai faɗi da kowane ɗa ke sa ran rabonsa a cikinta.

Yau gonar nan an raba ta gado, an sake rabawa, an kuma sake rabawa. A ƙidayar 1963 mutanen Najeriya ba su kai miliyan 56 ba, yanzu sun haura miliyan 200, ƙasar noma kuwa ba ta haihuwa. Abin da ya rage a hannun jikan mai gandu bai isa ya ciyar da gidansa wata shida ba, ga taki ya fi ƙarfinsa. Ɗansa ya tafi Legas ko Fatakwal ko Abuja yana dako, yana gadi, yana tura ruwa, yana turo kuɗi ta waya. Shi zai yi wa kansa aure, shi zai sayi buhun masarar da uban zai ci. Ba ina cewa wannan ya halatta wa ɗa ya raina mahaifinsa ba. Haƙƙin iyaye na nan daram ko uba bai mallaki allura ba. Abin da nake cewa shi ne, a da addini da rumbu gefe ɗaya suke ja, yanzu an bar addini shi kaɗai yana ja, sannan muna mamakin igiya na tsinkewa.

A duba Kano kuma. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo birnin a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafi. Ya rubuta cewa kayan da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kai wa Tarabulus da Tumbuktu, ya kuma kimanta abin da ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300 a ƙalla. Ka bi zaren nan ka gani. Manomi ya noma auduga, mace ta gurje ta kaɗa da mazari, masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a karofi da baba da toka, mabugi ya buga har ta yi ƙyalli, falke ya ɗora wa jaki ko raƙumi. Kowane hannu da rabonsa. Matar da ke cikin gida tana da kuɗin zarenta da ba ruwan miji da shi. Sunayen unguwanni ma shaida ne, Soron Ɗinki da Dukawa, ga Agadasawa da Tudun Nufawa da kasuwa ta janyo kakanninsu. Garin da ke karɓar baƙo hannu bibbiyu ya koyi haka ne domin baƙo ciniki yake kawowa. Kada kuma mu ɓoye ɗaya gefen: wani babban kaso na hatsi da audugar nan bayi ne suka noma shi a rinji da gandayen sarakuna da attajirai. Martabar gidaje da yawa a kan wannan gumin aka gina ta.

Wannan batu na bauta ya bar mana wani misali da nake yawan tunawa. Gwamna Lugga ya yi shelar cewa duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, ba bawa ba, sai a 1936 aka haramta bautar gaba ɗaya a Arewa. Masu binciken da suka zauna a ƙauyukan Zazzau sun lura cewa kulle ya ƙara yaɗuwa a karkara bayan wannan. Dalili kuwa, a da baiwa ce ke fita gona da ɗebo itace, 'ya kuwa tana ciki. Da bayi mata suka sami 'yanci, abin da suka fara yi shi ne janye jiki daga aikin da ke nuna bauta. Hukuncin addini a kan fitar mace yana nan a littafi tun da can. Abin da ya sa ya sami wurin zama a wancan lokacin, a waɗancan ƙauyuka, sauyin da aka samu ne a kan wa ke noma.

Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suke so domin masaƙun ƙasarsu, irin waɗanda Engels ya gani. Manomin Kano ya yi lissafinsa ya ga gyaɗa ta fi kuɗi, ga masaƙan gida na sayen auduga da daraja, ga gyaɗa in ta ƙi sayuwa ana iya ci. A 1913 gyaɗar da Najeriya ta fitar ta haura tan 19,000, alhali shekara biyu kafin nan ba ta kai tan 2,000 ba. Fataken goro da suka san hanyar Gwanja suka juya suka zama masu sayen gyaɗa, babbansu Alhassan Ɗantata. Haraji kuma ya koma na tsabar kuɗi, dole talaka ya noma abin sayarwa, ko ya tafi haƙar kuza a Jos, ko ya tafi cirani. Tunda gyaɗar a gonakin talakawa take, ba a gandun Bature ba, abin da mai mulki ke buƙata shi ne hannun da zai kai kowane ƙauye ya karɓo kuɗi. Shi ya sa aka fitar da hakimai daga birni aka zaunar da su a gundumomi, aka ƙarfafa En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, da 'yan doka da gidan yari. Ƙarfin da sarauta ta yi a zamanin Turawa, wanda wasu ke ɗauka haka yake tun fil'azal, da yawansa na buhun gyaɗa ne da rasit ɗin haraji.

Adawa ma daga nan ta fito. Waɗanda suka cika jam'iyyar NEPU bayan kafa ta ranar 8 ga Agusta 1950 su ne teloli da ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da malaman zaure da manoman da sikeli da haraji suka dama. Sanarwar Sawaba da jam'iyyar ta fitar ta faɗa ƙarara cewa akwai karon maslaha tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e. Malam Aminu Kano, wanda ya zama jagoran tafiyar, mai tafsirin Alƙur'ani ne, kuma bai ga wani karo tsakanin tafsirinsa da tambayar wa ke cin gumin wa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne babin da muke ciki. An sami man fetur a Oloibiri, yankin Neja Delta, a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 1973. A daidai lokacin fari ya afka wa Arewa, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Dalar gyaɗa ta ɓace. Kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya shigo aljihun ma'aikata, kowa ya gane cewa arziki ya tashi daga gona ya koma ofis. Gwamnatin Sardauna da kuɗin gyaɗa da auduga da fata take aiki, saboda haka dole ta damu da iri da damina da hanyar da za a fito da amfani. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gwamnan yau kuwa ladan wa ya ci? Kasonsa daga Abuja yake zuwa kowane wata, ko an yi damina ko ba a yi ba, ko masaƙa na aiki ko ta zama kangon da awaki ke kwana. Lokacin da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979, talaka ya yi murna, kuma yana da gaskiya, domin an sha ɗaure mutane a rana saboda kuɗin nan. Sai dai abin da ya sa soke shi ya yiwu shi ne gwamnati ta daina rayuwa da aljihun talaka. Wanda ba ya buƙatar guminka ba zai buƙace ka ba sai ranar zaɓe, ranar kuma taliya da sabulu da atamfa sun isa. Muna kiran wannan rashin tsoron Allah na shugabanni, kuma shi ne. Amma a tambaya, me ya sa tsarin yake tace masu tsoron Allah ya zubar, ya bar waɗancan? Inda dukiya ba ta fitowa daga abin da aka ƙera sai daga kusanci da mai rabo, fadanci ne sana'ar da ta fi riba, kuma yara suna kallo.

Masaƙun da suka fara da Kaduna Textiles a 1957 sun riƙe dubban gidaje, haka masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji suka yi tsada, wuta ta zama sai an gani, aka buɗe ƙofa ga yadin waje, na fasa-ƙwauri ya biyo ta kan iyaka. Ɗaya bayan ɗaya suka rufe. Yau ka shiga Kantin Kwari, kasuwar yadin da ake ji da ita a Afirka ta Yamma, ka duba yawancin abin da ke kan kanta daga Sin aka yo shi. Garin da ya tufatar da Sahara ya koma dillalin tufafin wasu.

Almajirci ma ta wannan tagar nake kallonsa. A da, karatun allo da damina tare suke tafiya. Yara na taya malam noma, in an yi girbi ya ɗebe su su tafi cirani, gari ya ciyar da su daga hatsin da ya shigo, da bazara a koma gida. Gardi kuma yana da abin yi a birni: yaɓen ɗaki, ɗinkin hula, aikin karofi, dako, jan ruwa. Kuɗin mai ya kawo bulo da siminti da kwanon rufi da keken ɗinki da kayan roba, ya kawo tsadar abinci da ta sa magidanci ya fara lissafa loma. Gardi ya zo birni ya tarar ba a buƙatar hannunsa, ga motoci na wuce shi. Masana da dama sun nuna cewa daga cikin irin waɗannan Muhammadu Marwa Maitatsine ya tara mabiyansa, kuma a Disambar 1980 sama da mutum 4,000 suka hallaka a Kano. Ɓatacciyar aƙida ce, babu shakka. Amma ɓatattun masu wa'azi ba su taɓa ƙarewa a duniya ba, abin tambaya shi ne yaushe suke samun masu saurare. Gwamnatin Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani, gwamnoni kuma a 2020 suka yi ta kwasar almajirai a mota suna mayar da su jihohinsu. Yaran sun dawo, domin ba wanda ya taɓa dalilin da ya sa uba a ƙauye yake sallama ɗan shekara bakwai: rumbunsa ba zai kai shi kaka ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Haka in aka zo Zamfara. Ba ni da uzuri ko ƙwaya ɗaya ga wanda ya ƙona ƙauye ya sace matan mutane. Amma duk wanda ya ba da labarin ba tare da burtalin da aka nome ba, da mashayar da aka killace, da dajin kiwon da aka yanka wa manya, da zinaren da dalmarsa ta kashe yara kusan 400 a 2010, to rabin labari ya bayar.

Da na tsaya nan da na yi wa mai karatu rowar gaskiya, domin ra'ayin nan yana da inda yake tuntuɓe. Marx ya zaci ma'aikatan ƙasashen da suka fi masana'antu ne za su fara kifar da jari-hujja. Sai juyin ya faru a Rasha a 1917 da Sin a 1949, ƙasashen manoma. Waɗanda suka mayar da ra'ayin aƙidar gwamnati, suka ce sun san inda tarihi ya dosa, sun tilasta wa manoma gonakin gurguzu, miliyoyi suka mutu da yunwa a Yukren a 1932 zuwa 1933, da Sin daga 1959 zuwa 1961. Mai cewa abinci ne tushen komai ya ƙare da hana mutane abinci. Wannan ba ƙaramin tabo ba ne, kuma ban yarda a share shi da cewa kuskuren aiwatarwa ne kawai ba. Matakan tarihin da Marx ya jera ma daga Turai ya ɗebo su, ba su zauna daidai a kan Katsina ko Borno ba. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya yi amfani da irin wannan kallon wajen tona yadda manya ke fakewa da addini da ƙabila don kare abin da suke ci, shi da kansa ya dage cewa tarihinmu daga takardunmu da bakin mutanenmu za a ciro shi.

Jihadin 1804 ya isa misali. A Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa zaluncin sarakunan zamaninsa, har da jangali da kuɗin gari da ƙwace a kasuwa, kuma ba shakka wannan ya sa makiyayi da manomi suka saurare shi. Amma mutanen da suka bar gidajensu suka bi shi hijira zuwa Gudu, suka jure yunwa da annoba da mutuwa, ba lissafin jangali ne ya riƙe su ba. Imani ne, kuma imanin ya juyo ya sauya wa ke da ƙasa, wa ke karɓar zakka, ina za a kafa gari. Engels da kansa, a wata wasiƙa ta 1890, ya koka cewa masu bin su sun wuce gona da iri, ya ce shi da Marx ba su taɓa cewa tattalin arziki ne kaɗai ke aiki ba. Don haka ni ban ɗauki ra'ayin nan amsar komai ba. Na ɗauke shi tambayar da ya kamata a fara yi, mu kuwa ita ce ba ma yi sam.

Wa'azi wajibi ne, kuma ba a taɓa yin wa'azi a ƙasar Hausa kamar yanzu ba. Rediyo, talabijin, Facebook, TikTok, masallacin Juma'a a kowace unguwa, Islamiyya a kowane lungu. In da ƙarancin nasiha ne ciwonmu da tuni mun warke. Ina roƙon malamanmu, waɗanda jama'a ke jin maganarsu fiye da ta kowa, su riƙa haɗa wa da tambayar da ɗan siyasa ba ya so. Inji nawa ke juyawa a Sharaɗa bana? Audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi ina take zuwa, wa ke gurzarta, wa ke saƙa ta? Filin da aka karɓe a bakin gari da sunan ci gaba, a hannun wa ya ƙare? Malamin da ya ja wa saurayi kunne a kan ƙwaya, ya kuma ja wa gwamna kunne a kan wutar masana'anta, bai fita daga aikinsa ba.

Ni yanzu bututun gas ɗin da aka ƙaddamar a 2020, wanda zai taso daga Ajakuta ya bi ta Kaduna zuwa Kano, tsawon kilomita 614, ya fi kowane taron jam'iyya muhimmanci a wurina. In gas ya iso, wuta ta samu, wasu injuna za su iya tashi. Sai dai ko sun tashi, Kakurin da dattijon nan ya sani ba za ta dawo yadda take ba. Masaƙar zamani da mutum ɗari take yin aikin da dubu suka yi a da. Saboda haka tun kafin a kunna inji ya kamata a fara maganar wa zai mallake shi, manomin auduga nawa za a saya wa kuma a kan wane farashi, telolin Fagge da marinan Ƙofar Mata da na Kura ina za su shiga a cikin zaren, da kuma abin da za a yi da sauran ɗari taran da ba za a kira bakin get ba.